Ruwan minti shida: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin Damagaram kan aikin kashe gobara

Zuwa ga Mai girma Gwamnan Jihar Damagaram, da Mai Martaba Sarkin Damagaram, da shugabannin birnin Zinder da na ƙananan hukumomin jiha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ja zamanin Sarki, ya taya masu mulki riƙo.

Masu wannan takarda 'ya'yan garin nan ne da suka tsufa cikin aikin kashe gobara, tare da wasu ma'aikatan famfo, da masu haɗa lantarki, da direbobin manyan motoci. Duk sa'ad da wuta ta ci kasuwa ko unguwa, magana ɗaya ake ji a bakin titi da gidajen rediyo: 'yan kwana-kwana sun zo a makare, kuma sun zo ba ruwa. Daga nan sai a yanke hukunci cewa a sayo sabuwar mota. Ba mu ƙi mota ba. Amma muna roƙon ku duba wannan lissafi kafin a sa hannu a takardar saye.

Motar kashe gobara irin wadda aka fi gani tana ɗaukar ruwa lita 3,000, wato tano 15, ko jarka 120 mai cin lita 25. Babban bakin tiyo ɗaya yana fitar da lita 500 a minti. Minti shida ke nan tanki ya ƙafe. In aka buɗe baki biyu, minti uku. Mutumin da ya iso wurin bayan minti 15 ya tarar da mota tsaye ba ta feshi, gaskiyarsa ce in ya ce ba ruwa, amma da ruwanta ta zo. Ruwan cikin mota an yi shi ne don a tare wuta kafin a jona tiyo da ruwan gari. Inda babu abin da za a jona, jigila ta rage. Tanki mai lita 10,000 yana cin minti 20 kafin ya cika a famfo mai ƙarfi, minti 10 zuwa, minti 10 dawowa, minti 10 juyewa. In aka raba lita 10,000 a kan minti 50, lita 200 ke nan a minti, bai kai rabin abin da baki ɗaya ke sha ba. A tsakanin zuwa da dawowar nan wuta take komawa inda aka kore ta.

Tarihin kashe gobara a Damagaram bai fara da jar mota ba, kuma akwai abin ɗauka a yadda iyayenmu suka yi. A gari mai dannin kara da zana da jinka, kowa ya san aikinsa da zarar an kwarma ihu. Mata da yara su yi layi da tulu da ƙwarya daga rijiya ko kududdufi. Samari su watsa ƙasa a gindin wutar. Manya kuma, waɗanda su ne suka san aikin, ba sa tsayawa kan bukkar da ta riga ta kama. Sukan duba inda iska ta nufa, su sha gaban wutar, su kwantar da danni, su janye zana, su sauke jinkar rumbu su kifa ta nesa, har wutar ta iso fili ta rasa abin ci. Mai gidan da aka rushe wa danni ba ya kai ƙara, don mai unguwa ne ya ce a rushe. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne ma'ajiyar ruwan unguwa. Soraye da ɗakunan azara na Birni, a cikin ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu, ba sa kamawa da sauri kamar bukkoki, shi ya sa lungu mai ƙunci bai zame musu barazana ba a wancan lokaci. Abu uku ne suka riƙe wannan tsari: ruwa a kusa, hannu da yawa a mintin farko, da mutum ɗaya da ake jin maganarsa.

Tsarin barikin kashe gobara daga Faransa ya zo mana. A can Napoleon ne ya mai da masu kashe gobarar birnin Paris rundunar soja a 1811, bayan wata gobara da ta tashi a wajen liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya a 1810. Shi ya sa har yau namu sojoji ne, da kaki da horo da lambar waya 18. Horon soja ya amfane mu: ana tashi cikin minti kaɗan, ana bin umarni a cikin hayaƙi. Sai dai wannan tsari an gina shi ne a kan bututu. Ƙa'idar da Faransa ta kafa a 1951 ta ce kowane yanki ya kasance yana da ruwa lita 120,000 da za a iya ja cikin awa biyu, wato lita 1,000 a minti, ko daga famfon gobara ko daga ma'ajiya. Mun karɓi kakin da motar da jiniyar, aka bar mu da ƙishin da muka saba da shi. Kun fi mu sanin cewa garin nan a kan dutse yake zaune, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai a 1926, bayan ya zauna nan tun 1911. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, da Arunguza da Ganaram ta arewa. A bazara, lokacin da famfon gida yake kwana da wuni ba ɗigo, famfon gobara da ke kan bututu ɗaya da shi ba zai yi wata karama ba.

A daidai lokacin da tsohon tsarin unguwa yake mutuwa, abin da ke ci da wuta ya sauya. Bukka tana ƙonewa da sauri ta mutu da sauri, hayaƙinta yana tashi sama. Ɗakin siminti mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe da tagar da aka yi wa ƙarafan tsaro yana riƙe zafi da hayaƙi a ciki. Katifar soso, da labule, da kujerun kushin, da robobi da leda suna fitar da hayaƙi mai guba wanda ke sumar da mai barci kafin wuta ta taɓa shi. A shaguna ga atamfa da takalman roba da man girki da turare jibge har rufi. A bakin titi ga kwalaben 'yan ruwa-ruwa masu sayar da mai, a bayan gida ga jarkokin da ake cika kwalaben da su. Tulu da ƙwarya ba su da abin yi da irin wannan wuta, mota ɗaya ma ba ta da shi.

Don haka roƙonmu na farko, wanda ya fi sauran nauyi, ma'ajiyar ruwa ce wadda ba ta dogara da bututu a ranar gobara ba. Rami na kankare mai tsawon mita 8, faɗin mita 6, zurfin mita 2.5 yana cin lita 120,000 daidai. A gina ɗaya a Kasuwar Dole, ɗaya a Kolliya, ɗaya kusa da babbar tasha, ɗaya a bakin Birni inda mota ke iya tsayawa, sa'an nan a bi Zango da Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara gwargwadon hali. A rufe shi da dabe, don buɗaɗɗen ruwa rana tana shanye shi, sauro yana haihuwa a ciki, yara suna faɗawa. A cika shi da damina ko da dare lokacin da bututu ke da ƙarfi. A sa masa bututun zuƙa na dindindin mai faɗin milimita 100, da mahaɗi irin na motocin bariki. Wannan mahaɗi ƙaramin abu ne da ke lalata babban aiki: motocin da ake samu gudummawa daga ƙasashe daban-daban kowace da irin bakinta take zuwa, kuma tiyon da bai shiga ba bai shiga ba, ko da wuta na ci a gabanka. A bar fili mai mita 8 a kan mita 4 a gefen ramin, mai ƙasa mai tauri da za ta ɗauki mota mai tan 16, kuma kada a ba kowa izinin kafa rumfa ko tebur a kai, ko na kwana ɗaya ne. Sai maganar makulli. In aka bar ramin a buɗe, kafin watan Afrilu 'yan garuwa da maƙwabta sun kwashe shi, kuma ba za mu ga laifinsu ba. A yi makulli biyu, ɗaya a bariki, ɗaya a hannun mai unguwa ko sarkin kasuwa, a riƙa auna ruwan da sanda duk ranar Juma'a ana rubutawa.

Tafkunan cikin gari ma ruwa ne, daga damina har zuwa tsakiyar ɗari a wasu wurare, amma ba a jan su haka kawai. Injin mota ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce kamar mita 6 cikin sauƙi, kuma ruwa mai ɗumi ya fi wuyar zuƙa. Matatar bakin tiyo tana son ruwa mai zurfin santimita 80 aƙalla: 30 a samanta don kada ta sha iska, 50 a ƙarƙashinta don kada ta sha laka. Leda ɗaya da ta manne a matata ta isa ta yanke ruwa, yashi kuma yana cinye cikin injin a hankali har ya daina ba da ƙarfi. Abin da ake bukata shi ne gangara ta dutse da siminti zuwa bakin tafki biyu ko uku da aka zaɓa, da kwando na ƙarfe da za a saka matatar a ciki. Aiki ne na magina na gari, ba sai an kira ɗan kwangila daga waje ba.

Famfunan gobara da ke akwai, a zagaya da kamfanin ruwa na NDE a gwada su ɗaya bayan ɗaya sau biyu a shekara, sau ɗaya a watan Nuwamba, sau ɗaya a tsakiyar bazara. Gwaji ba buɗewa a ga ruwa ya fito ba ne. A sa ma'auni a ga lita nawa yake bayarwa a minti. Wanda kwalta ta binne ko shago ya hau kansa a tono shi, wanda ya mutu a goge jan fentinsa, don famfon da ake zaton yana aiki ya fi wanda babu cutarwa: an shimfiɗa tiyo an ɓata minti biyar kafin a gane. Kuma a samu lambar mai gadin vanoni, wato makunnan manyan bututu, da dare, wanda zai iya karkato ruwa zuwa unguwar da ke ci.

Hanya ita ce ta biyu. Mota tana son faɗin mita 3 ba tare da komai a kai ba, da tsayin mita 3.5 a sama. A kasuwanninmu layin da aka zana da faɗi rumfuna sun cinye shi taku-taku, ga wayoyi da tantuna sun sauko. A Birni kuwa ba rumfa ba ce, haka aka gina shi, kuma ba mu ce a rushe gidan kowa ba. Maganin lungu tiyo ne mai yawa da sanin yadda ake shimfiɗa shi. Tiyo iri biyu ne, mai milimita 70 da mai milimita 45, kowane guntu mita 20. In aka tura lita 500 a minti cikin mai 70, abin da ƙarfin ruwa ke raguwa a mita 100 bai wuce rabin bar da ɗan kai ba, bar kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa. Cikin mai 45 kuwa ya kusa bar 6, wato duk ƙarfin da bakin tiyo ke bukata ya tafi a hanya. Saboda haka babban tiyo ake ja har kusa da gidan, ƙaramin guntu biyu ko uku na ƙarshe kawai. Lungu mai nisan mita 300 yana cin guntu 15 na babban tiyo, kuma cika wannan tiyo kaɗai yana shanye fiye da lita 1,000, sulusin tankin mota, kafin ɗigo ya fito a baki. Wanda ya ga wannan ya gane dalilin da ya sa muke nacewa a kan ma'ajiya a bakin Birni. Ƙaramar mota mai ƙafa huɗu ko babur mai ƙafa uku ɗauke da injin ban ruwa da nadin tiyo ya fi babbar mota amfani a waɗannan unguwanni.

Ga jama'a kuma akwai nasu. Mota ko amalanke da ta taka tiyo mai ruwa tana fasa shi. Taron 'yan kallo yana toshe hanyar tankin da ke dawowa da ruwa. Wannan aikin 'yan sanda ne da dogarai, su killace wuri tun farko. Mai kiran 18 ya faɗi unguwa, da wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko makaranta, da abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki, kada ya kashe waya sai an sallame shi, sa'an nan ya tura ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin kwalta ya ja motar. Yawancin abin da ake kira makara a nan take faruwa: an kira bayan an gaji da gwada bokiti, ko mota tana yawo cikin unguwa tana neman gida.

Ranku ya daɗe, yanzu ga ƙananan garuruwa, waɗanda su ne suka fi damunmu. Jihar nan gunduma 10 ce. Mirya tana da kamar kilomita 18 daga Zinder, Takeita kamar 50, Magarya kamar 90, Tanut kamar 140, Gure kamar 160. Mota cike da ruwa ba ta wuce kilomita 60 a awa in ana son ta isa lafiya, don ruwa yana kaɗawa a kwana yana iya kifar da ita. Mirya ma minti 20 ne, kuma ɗaki mai katifa yana gama kamawa cikin minti biyar. Ko an buɗe bariki a kowane babban garin gunduma, garuruwan kasuwa da ke kewaye da shi suna nan da nisansu. Abin da zai yi musu aiki shi ne a maido da tsohon tsarin unguwa da kayan zamani.

Ga yadda muke ganinsa. A kowane gari mai kasuwar mako, hakimi ko mai gari da magajin gari su zaɓi mutum 12 mazauna, waɗanda sana'arsu ba ta fitar da su daga gari: makaniki, mai walda, magini, mahauci, ɗan garuwa, mai gadin kasuwa. Banda wanda zai tafi ci-rani bayan kaka, don daidai lokacin ne wuta take yawa. A ba su injin ban ruwa irin na masu lambu a Mirya, wanda duk makanikin gari ya san cikinsa, da tano biyar a kan amalanke ko tanki mai lita 1,000 a kan tirela, da tiyo mita 100, da shebur 6, da gatari 2, da ƙugiya mai doguwar ƙota ta janye zana da kwano, da babban almakashin yanke kwaɗo, da tsani, da igiya, da fitilun goshi, da safar hannu ta fata, da tukwanen kashe wuta masu garin sinadari na kilo 9 guda huɗu. Sojojin bariki su horar da su kwana biyar, su dawo su duba su kowace shekara kafin ɗari. Iyakarsu a faɗa musu ita a fili: su fitar da mutane, su yanke lantarki, su sha gaban wuta su tsare maƙwabta, kada su shiga ɗaki mai hayaƙi. Shiga hayaƙi sai da tukunyar iska ta goyo, kuma ita ma mai lita 6 ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ga mai aiki tuƙuru.

Irin wannan ƙungiya ba wuta ke kashe ta ba, zama ke kashe ta. Injin da ya wata uku ba a tayar ba, mai ya bushe ya toshe kafireto. Tiyon da aka naɗe da danshi ya ruɓe, wanda aka bari a rana ya tsattsage. Tukunyar gari da ta daɗe ajiye garinta ya dunƙule, a matsa ta fitar da iska kawai, ga shi dama ko lafiyayya ce feshinta bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ba. Injin kuma in ba a yi hankali ba zai koma lambun wani. Maganin duka ɗaya ne: kowace ranar kasuwa da safe a tayar da inji minti goma a gaban jama'a, a juya tukwane a girgiza, a rubuta a littafi, a sa kuɗin mai lita 20 a cikin kasafin ƙaramar hukuma da sunansa.

A arewacin jiha, wajen Tanut da Belbeji da Gure da Tesker, wutar daji ce ke cinye ciyawar da makiyaya za su ci shekara da ita. Hanyoyin tare wuta da ake sharewa, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a fara su da zarar ciyawa ta soma bushewa a watan Oktoba, a gicciye su ga iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, a kwashe ciyawar da aka share a kai gari. In aka tara ta a gefen hanyar, an yi wa wuta gada.

Maganar man fetur dabam take. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a ƙarshen 2011, tankokin mai suna saukowa ta hanyar Tanut suna ratsa gari dare da rana. Esansi ya fi ruwa sauƙi, yana hawa kansa. In aka fesa masa ruwa kai tsaye, wutar ce za ta bi ruwan ta shiga kwata ta ɓulla a wata unguwa. Kumfa ke kashe shi, ita kuma sai da sinadarinta, kashi 3 ko 6 cikin ɗari na ruwan. A kashi 6, baki mai lita 400 a minti yana shan lita 24 na sinadari a minti, jarka guda ke nan, kuma tanki da ya kama ba aikin minti goma ba ne. Sinadarin yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi, don haka a ajiye shi a inuwa, a riƙa duba kwanan watansa. Muna roƙon a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin jiha da matatar da masu dakon mai a kan wanda zai kawo kumfa, da nawa, da lambar da za a kira. Tankin da ya faɗi bai kama ba ya fi wanda ya kama haɗari ga jama'a. A watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane fiye da 50 suka mutu nan take suna kwasar mai daga tankin da ya kife. Tururin esansi yana bin ƙasa, salansar babur mai zafi ta isa ta kunna shi. Wanda ya fara isa, ɗan sanda ne ko jandarma ko dogari, ya kori kowa zuwa nisan mita 300 aƙalla, ya hana tayar da inji.

A kasuwa kuwa yawancin wutar dare daga waya take. Waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, soket yana son 2.5, amma sai a ja siririya daga kwantar lantarki ɗaya a raba wa shago goma, a ɗaura mahaɗa da leda, a ɗora firiza da dutsen guga. In makunnin kariya ya dame su da yankewa, sai a ɗaure shi ko a zagaye shi da waya. An ɗauke wuta da yamma, kowa ya rufe shago bai kashe komai ba, an maido ta da tsakar dare. Kowane layi ya samu makunni ɗaya a waje wanda mai gadi zai sauke bayan an tashi, masu firiza a ja musu layinsu dabam da waya mai kauri. Kamfanin lantarki na NIGELEC kuma ya ba bariki lamba ta kai tsaye, don ba a fesa ruwa a kan waya mai rai, kuma jiran a yanke wuta yana cikin abin da ke tsayar da aiki. A tuna faifan sola ba ya mutuwa da rana ko an sauke makunni. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka sake buɗe ta. Ta Sabon Gari a Kano ta ƙone a 2016. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Azuzuwan zana ba sa bukatar dogon bayani bayan yara 20 da suka rasu a Yamai a watan Afrilun 2021, da fiye da 20 a Maradi a watan Nuwamba na shekarar. Kafin a gama maye su da gini, kowace rumfa ta samu ƙofa biyu a ɓangarori dabam, a bar mita 8 zuwa 10 tsakanin rumfa da rumfa, kada a jera su a layin iska, ƙananan yara su zauna a ajin gini manya a rumfa, masu tuya su koma bayan katanga. Tsangayu ma haka, tsakanin wutar karatun dare da tarin kara da wurin kwana.

Na ƙarshe, a rubuta tarihin nan tun masu shi suna da rai. Kowane bariki yana da littafin da ake rubuta fita: ranar, da sa'ar kira, da sa'ar isa, da abin da ya ci, da inda aka sami ruwa. Waɗannan littattafai su ne za su nuna unguwar da ta fi ci, da watan, da sa'ar, da inda mota ta fi daɗewa kafin ta samu ruwa, kuma da su ya kamata a zaɓi wurin ma'ajiya ta farko, ba da wanda ya fi kusa da ofis ba. Suna nuna har ayyukan da jama'a ba su cika lissafawa ba: ciro wanda ya faɗa rijiya, da yaran da tafki ke ci da damina, da haɗarin hanya, da gidajen ƙasa da ruwa ke rusawa kamar a daminar 2024 da ta kayar da tsohon masallacin Birni. Muna roƙon a tattara su daga inda suke kafin gara ta gama da su, a ba ɗaliban Jami'ar André Salifou su kwafe su a kwamfuta, su zauna da tsoffin sojojin bariki da masu unguwanni da sarakunan kasuwa su ɗauki bayaninsu, a ajiye kwafi ɗaya a bariki, ɗaya a ma'aikatar magajin gari, ɗaya a fada. A shirye muke mu zagaya da duk wanda kuka wakilta, mu nuna masa famfunan da wuraren da muka ambata, kuma mun fi son a yi zagayen kafin iskar hunturu ta taso.

Allah ya kiyaye mu da ku daga gobara. Wassalam.

Daga wasu tsoffin ma'aikatan kashe gobara, da ma'aikatan famfo da lantarki, da direbobi, mazauna Zinder.